Tebur Ba Ƙusa: Kundin Aikina da Gam a Hunturun Jos

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Yau na fara aikin da na shekara biyu ina ɗagawa, wato ƙera teburin karatu na madaci da hannuna, wanda gam da haɗin katako za su riƙe shi ba tare da an buga masa ƙusa ko ɗaya ba. Ni ba kafinta ba ne, malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma abin da ya ja ni ga aikin shi ne na gaji da bayyana wa ɗalibai yadda abubuwa ke daskarewa a kan allo, alhali ban taɓa haɗa katako biyu sun zauna ba. Akwai kuma kujerar marigayi mahaifina da ƙafarta ta saki, wadda nake so in gyara kafin hunturu ya wuce.

Na je Kasuwar Katako da ke Laranto tare da wani dattijon kafinta na unguwarmu, wanda kowa ke ce wa Baba. Ni da na ga jajayen allunan da aka sauke kwanan nan sai raina ya biya, amma shi ya wuce su, ya shiga can ƙuryar rumfa inda wasu suka yi ƙura, yana ɗaga su yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Malam, ɗanyen katako ba ya shan gam, domin ya riga ya ƙoshi da ruwa." Mun ɗauki alluna huɗu a kan naira 44,000, katakon ƙafafu biyu naira 14,000, kuɗin injin da ya fere su naira 6,000, mai keke naira 2,500, sai farin gam kilo ɗaya naira 4,000. Jimilla naira 70,500, daga cikin 80,000 da na ware wa aikin gaba ɗaya.

Talata, 10 ga Disamba

Na jera allunan a gareji, na sa siraran sanduna a tsakaninsu domin iska ta ratsa ta kowace fuska. Baba ya ce kada in taɓa su sai sun yi mako guda sun saba da iskar gidan.

Asabar, 14 ga Disamba

Kafin in kusanci allunan, na yanka guntaye shida daga ragowar katakon, na haɗa su bibbiyu da farin gam da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar jiya, domin in ga da idona lokacin da haɗi yake kama ƙarfi. Na farko na ɓalle shi da hannu bayan minti talatin, ya rabu a kan layin gam ɗin, kuma tsakiyarsa na nan da ɗanko-ɗanko ko da yake abin da ya tsattsafo ta gefe ya yi fata. Na biyu, bayan awa biyu, sai da na sa guduma. Na uku na bar shi ya kwana a ɗaki, yau da na buge shi katakon ne ya tsage a gefen haɗin, zaruruwan itacen suka biyo gam ɗin. Wannan shi ne ma'aunin da zan riƙa amfani da shi: idan haɗi ya rabu fes a kan layi, gam ne ya gaza, idan itace ya yage, haɗin ya yi.

Ya kamata in rubuta abin da ke faruwa a cikin layin nan, domin kalmar "bushewa" da muke yi wa kowane gam kuɗin goro da ita tana ɓoye bambanci mai yawa. Ƙaro da muka sani tun muna makarantar allo, wanda ake zubawa a tawada domin ta kama allo, narkewa yake yi a ruwa. Ruwan ya tafi ya taurare, ruwa ya dawo ya sake narkewa, shi ya sa ake iya wanke allo. Kokon sitaci da ake liƙa takardu a bango ma kusan haka yake. Farin gam kuwa ba narkakken abu ba ne. Ƙananan ƙwayoyin roba ne da ido ba ya gani, suna yawo a cikin ruwa kamar yadda maiƙo yake yawo a cikin madara, kuma kusan rabin abin da ke cikin robar ruwa ne. Idan aka shafa shi tsakanin katako biyu aka matse, katakon ne yake shanye mafi yawan ruwan, iska ta kwashe saura ta gefe, sai ƙwayoyin su matso kusa da juna, su lotse, su haɗe su zama fata guda da ta kutsa cikin ƙofofin itacen ta ɓangarorin biyu. Nan na gane maganar Baba a kasuwa: katakon da ke cike da ruwa ba shi da inda zai kai ruwan gam.

Laraba, 18 ga Disamba

Na haɗa alluna uku na saman teburin bayan sallar isha'i, domin da rana ina makaranta ina haɗa sakamakon jarrabawa. Na ari ƙarafan matse katako huɗu, waɗanda kafintoci ke kira kilam, daga wurin Baba. Na bar aikin a gareji, ƙofa a buɗe rabi, da tunanin iska za ta taimaka.

Alhamis, 19 ga Disamba

Aikin jiya ya lalace, kuma laifina ne.

Da asuba sanyi ya sauka irin wanda ko ruwan alwala sai an ɗumama. Da gari ya waye na je duba haɗin, sai na tarar gam ɗin da ya tsattsafo bai koma garai-garai kamar na gwajin ranar Asabar ba, ya yi fari fat kamar an goga alli. Ya bushe sarai, ba ya kama yatsa, har na fara yi wa kaina murna. Da Baba ya zo wajen ƙarfe goma, bai ce komai ba, ya sa farce ya kankare layin, gari ya zubo. Ya kwance ƙarafan, ya jingina allon da bango, ya ɗora gwiwa a tsakiya ya danna sau ɗaya. Sai ƙas, haɗin ya rabu biyu, fuskokin nan sumul, ko zaren itace ɗaya bai biyo ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, da dare ka yi ko?" Na ce e. Ya ce a Jos, daga Disamba zuwa Janairu, shi ba ya shafa farin gam bayan la'asar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san dalilin a takarda tun ba yau ba. Ƙwayoyin robar nan sai suna da taushi sannan suke iya lotsewa su haɗe da juna, kuma sanyi yana sandarar da su kamar yadda yake sandarar da man kaɗe. Ruwan ya fita kamar kullum, amma ƙwayoyin sun tsaya kusa da kusa kowace da jikinta, ba su zama fata guda ba, shi ya sa suka koma gari, farin nan kuwa hasken da ke tarwatsewa ne a cikin 'yan gurabun da ke tsakaninsu. Masu yin irin wannan gam sukan gargaɗi mutum kada ya yi aiki da shi idan zafi ya sauka zuwa wajen digiri 10 a ma'aunin Selsiyas, kuma ba iskar kaɗai ake nufi ba, har da katakon da gam ɗin kansa. Garin da ke bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, a tsakiyar hunturu, a gareji mai buɗaɗɗiyar ƙofa, ai na haɗa duk sharuɗɗan lalacewa da hannuna. Wanda ya koyi kafinta a Lakwaja ko Legas zai iya shekara talatin yana aiki bai taɓa ganin wannan farin layin ba.

Na sayi ƙaramin ma'aunin zafi a kasuwar Taminus, naira 3,500, na rataye shi a garejin.

Juma'a, 20 ga Disamba

Ma'aunin ya nuna digiri 9 da asuba. Na mayar da allunan wurin mai inji ya sake fere gefunan, naira 2,000, domin sabon farin gam ba ya kama tsohon da ya toshe ƙofofin itace, dole sai an kai ga tsurar katako. Faɗin teburin ya ragu da 'yan milimitoci.

Lahadi, 22 ga Disamba

Na sake haɗa saman teburin da ƙarfe goma sha biyu na rana, bayan na shanya allunan a hantsi na awa ɗaya, robar gam ɗin kuma ta kwana a ɗaki. Ma'auni yana kan digiri 24. Wata matsalar ta daban ta ɓullo, wadda ita ma ta hunturu ce: iskar ta bushe ƙwarai, har kafin in gama shafa wa gefe na biyu, na farko ya fara yin fata a sama. Gam ɗin da ya yi fata ba ya jiƙa ɗaya katakon, don haka na goge shi na sake shafawa, na kuma bar haɗa alluna uku a lokaci guda. Na haɗa biyu, bayan awa biyu na ƙara na ukun.

Wajen matsewa Baba ya tsaya a kaina. Ya ce in riƙa juya ƙarafan a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har sai gam ya tsattsafo a tsawon layin gaba ɗaya kamar an jera ƙwayar gero, daga nan in tsaya. Idan babu abin da ya fito, gam ya yi kaɗan. Idan kuma aka ci gaba da murɗawa da ƙarfin tsiya, katako yana iya lanƙwashewa, a kuma kore gam ɗin daga inda ake bukatarsa. Na ɗauko jiƙaƙƙen tsumma zan goge abin da ya fito, ya riƙe mini hannu, domin ruwa yana tsinka gam ya tura shi cikin ƙofofin fuskar teburin, sai ranar da aka shafa banish, wato man ƙyallin katako, wurin ya fito da tabo. An bar shi minti arba'in ya yi tauri kamar ɗanko, sannan na ɗebe shi da bakin ƙarfen sassaƙa, ya biyo zarara.

Da yamma ni da babban ɗana muka kinkimi aikin da ƙarafansa muka kai falo. Uwargida ta tambaya ko shi ma bargo za a lulluɓa masa, kuma gaskiya na lulluɓa.

Alhamis, 26 ga Disamba

Layukan sun fito garai-garai, gwiwar Baba ba ta yi musu komai ba. Ban goga samfefa ba tukuna, domin katakon da ke gefen layi ya sha ruwan gam ya ɗan kumbura. Idan aka daidaita shi yanzu, sai ya motse daga baya ya bar siririn kwari a tsawon teburin. Na sayi samfefa ta naira 1,200 na ajiye.

Asabar, 28 ga Disamba

Wani ɗan ɓalli ya tashi a kusurwar allo ɗaya, bai kai faɗin farce ba, kuma babu yadda za a matse shi da kilam. Na sayi sufa gulu ƙanana uku, naira 900. Na ɗiga, na danna da yatsa na ƙirga ashirin kamar yadda na saba yi da damina idan takalmi ya ɓalle, na ɗaga, ɓallin ya biyo ni. Na sake, na ƙirga sittin, bai kama ba. Na fara zargin jabu aka sayar mini, sai na tuna cewa wannan gam ba ya bushewa ko kaɗan, domin babu ruwan da zai fita daga cikinsa. Shi danshi yake nema. Kowace ƙwayarsa tana zaune ita kaɗai a cikin bututu, da zarar ta taɓa 'yar laimar da ke kwance a fuskar abu, sai ta kama ta kusa da ita, wannan ta kama ta gaba, cikin daƙiƙoƙi su zama dogayen sarƙoƙi masu tauri. Shi ya sa yake manne yatsu nan take, domin fatar mutum ba ta rabuwa da danshi, shi ya sa kuma yake daskarewa a bakin bututu idan an buɗe an ajiye. A iskar da ke tsattsaga leɓe da diddige, a kan busasshen katako mai shanye shi kafin ya kama, dole ya yi nawa. Itace kuma yana da ɗan tsami a jikinsa, tsami kuwa yana rage masa sauri. Na hura wa wurin hucin bakina sau uku, na ɗiga kaɗan, na danna, ya kama kafin in kai talatin.

Da na ga haka sai na gwada a kan guntun katako: ɗigo ɗaya a kan toka, ɗaya a kan garin kanwa. Na kanwar ya ƙanƙare nan take ya zama kamar dutse, har da ɗan ɗumi. Masu gyaran babur da ke barbaɗa toka a kan sufa gulu idan suna liƙe fasasshiyar roba suna da hujja, domin abin da yake kishiyar tsami yana zaburar da shi. Wani Ba'amurke mai suna Harry Coover ne ya ci karo da sinadarin a shekarar 1942, yana neman roba mai haske da za a yi madubin saitin bindiga, ya yi watsi da shi saboda yana manne wa duk abin da ya taɓa, kuma sai a 1958 kamfanin Eastman Kodak ya fara sayar da shi a matsayin gam.

Kuskure ɗaya na yau: na goge abin da ya zube da tsohuwar singiletin auduga, nan da nan wurin ya ɗau zafi har da siririn hayaƙi mai yaji a ido, na yar da ita. Auduga tana ba shi fili mai yawa da danshi a lokaci guda, sai ya ƙanƙare da gaggawar da ke fitar da zafi. Na gargaɗi yara.

Alhamis, 2 ga Janairu 2025

Akwai ramin gaɓa a allon tsakiya, zurfinsa ya kai rabin gaɓar yatsa. Farin gam ba zai cike shi ba, tunda rabinsa ruwa ne, idan ya bushe sai ya motse ya bar rami. Sufa gulu kuma sai a siririn layi yake da ƙarfi. Abin da ya dace shi ne gam mai bututu biyu, ifoksi, wanda mutane suka fi sani da sunan Araldite ko da wane kamfani ne ya yi shi. Na sayi irin mai jinkirin kamawa, naira 3,000.

Shi wannan ba ya bukatar iska, ba ya bukatar danshi, babu kuma abin da yake fita daga cikinsa. Abin da ke bututu na farko da na biyun ne suke ƙulluwa da juna ta kowane ɓangare kamar saƙar raga, shi ya sa yake taurare ko a cikin rami mai zurfi, kuma ba ya motsewa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sanyi yana rage masa gudu. Abin da aka saba ƙiyastawa shi ne duk saukar digiri 10 tana kusan ninka lokacin da zai ɗauka. Ina sane da haka, sai wayo ya kama ni: na ce tunda ana sanyi, bari in ƙara abin da ke bututu na biyu, wato mai taurarwar, ya fi ɗayan yawa domin ya yi sauri. Na matso kusan kashi biyu nasa a kan kashi ɗaya, na gauraya da garin madaci domin launi, na cike ramin.

Asabar, 4 ga Janairu

Kwana biyu ke nan, cikon yana nan kamar tsohon cingam, farce yana shiga. Gyaran gangar Abzinawa na yi. Mai taurarwar ba kamar yis ba ne da ake ƙarawa ƙulli ya tashi da wuri. Shi rabin ginin ne, kowace ƙwayarsa tana bukatar abokiyar ƙulli daga ɗaya bututun, waɗanda suka rasa abokai kuwa suna nan a sake cikin ragar har abada suna sa ta laushi. Ko wata guda na jira ba zai taurare ba. Na kwashe awa biyu ina ƙwaƙule shi da bakin wuƙa, na wanke ramin da tina, sinadarin tsinka fenti, ta naira 1,500, na kankare har sai da tsurar katako ta fito. Ramin ya ƙara faɗi. Tunda na cinye bututu ɗaya fiye da ɗayan, sai da na sake sayen wani saitin, naira 3,000.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na ja layi biyu masu tsawo ɗaya a kan kwali, ɗaya daga kowane bututu, na gauraya na minti biyu cur ina kankaro gefe da ƙasa, na cike ramin da rana, na shigar da allon ɗaki. Ragowar da na tara a murfin kwalba ta yi ɗumi ta taurare tun kafin na cikin ramin, domin ƙulluwar tana fitar da zafi, zafin kuma yana ƙara mata gudu idan abin yana dunƙule wuri ɗaya. Wanda yake son lokaci mai tsawo sai ya baza shi a faranti.

Alhamis, 9 ga Janairu

Cikon ya yi tauri, samfefa tana fitar da gari maimakon ta cushe. Na juya ga ƙafafu. Kowane katakon gicciye yana da harshe da zai shiga ramin da aka sassaƙa a jikin ƙafa, kuma na gwada su duka babu gam tukuna. Shida sun shiga da bugun tafin hannu, biyu suna lilo. Ga waɗannan biyun na manna siririn ɓallin madaci a kumatun harshen, na bari ya kwana, na sassaƙe shi daidai, maimakon in dogara ga gam ya cike gurbin. Ƙarfin haɗin yana a kumatun harshe ne, inda jijiyar itace take kwance. Kan katako, inda zarto ya gitta jijiyoyin, kamar bakin damin kara yake, yana zuƙe gam ya bar fuskar a bushe. Na haɗa ƙafafu bibbiyu tsakanin azahar da la'asar.

Lahadi, 12 ga Janairu

Yau ranar kujerar mahaifina ce, kuma ita ce ranar da na fi jin daɗi tun da na fara. Da muka zare ƙafar da ta saki, sai ga wani abu ruwan zuma mai ƙyalli a cikin ramin, ya farfashe kamar gilashi. Baba ya ɗiga masa ruwan ɗumi, ya jira kaɗan, ya taɓa, ya sansana, ya ce, "Gam ɗin fata ne. Da shi maigidana ya koya mini aiki, kullum tukunyarsa na kan garwashi." Ya ce in na zuba farin gam a kansa na ɓata kujerar, amma sabon na fata zai narkar da tsohon su zama abu ɗaya.

Tun jiya na karɓo guntayen busasshiyar fatar saniya wadda ba a jeme ba, naira 1,000, na kankare gashin, na yayyanka ƙanana, na jiƙa su suka kwana. Yau tun safe na dafa su a gwangwani da ke zaune cikin tukunyar ruwan zafi, wuta ƙasa-ƙasa, kusan awa biyar, sannan na tace na bar ruwan ya ƙafe har ya yi kauri yana zuba daga buroshi kamar zuma mai ɗumi. Ba a barin sa ya tafasa, wajen digiri 60 ake riƙe shi lokacin aiki, domin tafasa tana tsinka dogayen zaruruwan da ƙarfinsa ya dogara a kansu. Duk wanda ya taɓa ganin romon ƙafar saniya ko na ganda ya kwana ya daskare ya san matakin farko na kamawarsa: yana hucewa sai ya kafe ya riƙe katakon, sannan a cikin kwana ɗaya ko biyu ruwan ya fita ya taurare sosai. Kamu biyu ke nan, na sanyi da na bushewa. Kafintocin tsohuwar Masar sun yi aiki da irinsa, masu ƙera goge irin na Turai kuma har yau shi suke so, domin da ɗumi da danshi ana iya kwance haɗin a gyara ba tare da an fasa itace ba.

A nan ma hunturu bai ƙyale ni ba. Shafawar farko, kafin in kai harshen bakin rami, gam ɗin ya kafe a kan katako mai sanyi ya zama kamar tuwon da ya huce. Sai dai wannan kuskuren ba shi da tsada: na wanke da ruwan zafi, muka ajiye ƙafar da kujerar a rana har suka yi ɗumi a hannu, Baba ya riƙe, na shafa, muka zura cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, muka ɗaure da igiya muka murɗa da sanda. Warin kuwa sai da ya kori kowa daga tsakar gida.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na zauna a kujerar, na jingina, na karkata. Ba ta yi ƙara ba. Ragowar gam ɗin fatar na zuba a faranti ya kafe, na yanka shi ƙanana na shanya, domin jiƙaƙƙe yana ruɓewa cikin 'yan kwanaki. Na kammala haɗa gindin teburin.

Asabar, 18 ga Janairu

Na shimfiɗa jemammiyar fata a cikin durowar teburin, naira 3,500, da gam ɗin masu takalma da ake kira ebostik, ƙaramin gwangwani naira 2,800. Tsarinsa ya saɓa wa duk na baya, domin shi sai ya bushe ake haɗawa. Roba ce narke a cikin sinadari mai saurin tashi, ɗan'uwan sholishon masu faci. Ana shafa wa fuskokin biyu, a bar su a buɗe har sinadarin ya tashi, a taɓa da bayan yatsa a ji ba ya biyowa, sannan a haɗa, roba ta kama roba nan take. Wanda ya haɗa da wuri ya kulle sinadarin a ciki, sai fatar ta yi ƙuraje ta ɗago. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne tsananin dannawar lokaci guda, ba daɗewar matsi ba, shi ya sa mai gyaran takalmi yake bi da guduma.

Ba ya ba da damar gyara, kuma na ɗanɗana: kusurwa ɗaya ta taɓa kafin in daidaita, fatar ta karkace da faɗin tsinken ashana, da na ja sai ta fara miƙewa. Na bar ta haka, na yanke abin da ya hau gefe. Baba ya ce da na shimfiɗa takarda a tsakani, in riƙa zare ta kaɗan-kaɗan ina dannawa. A waje na yi aikin, nesa da murhu, saboda tururinsa yana kama wuta kuma yana juya kai, gwangwanin kuma na kulle shi inda yara ba sa kaiwa.

Asabar, 25 ga Janairu

Na ɗora saman teburin a kan gindinsa, kuma a nan ban shafa gam ko ɗigo ba. Katako yana kumbura ta faɗi idan ya sha laima, ya motse idan ya bushe, ta tsawo kuwa kusan ba ya motsi. Wannan allo an haɗa shi ne a lokacin da ya fi kowane bushewa a shekara, idan ruwan Yuli da Agusta ya sauka zai nemi wurin buɗewa, kuma da na manne shi da katakon gicciyen da jijiyarsa ta gitta tasa, ko dai ya bankare ko ya tsage wani wuri. Na sassaƙa ƙananan maƙalai takwas na katako, kowane da harshen da ke zamewa a cikin tsagi a jikin gindin, na ɗaure su da allon da sukurori na naira 800. Ɗana ya ce ai sukuru ƙanin ƙusa ne, alkawarin ya karye. Na ce masa ƙusa na ambata.

Kuɗin da ya fita zuwa yau naira 93,700 ne, na haura abin da na ware da 13,700, kuma 6,500 daga ciki kuɗin kurakuraina ne: sake fere alluna, tina da ifoksi na biyu. Banish zai jira sai ƙura ta lafa, domin yanzu ko awa ɗaya aka bar tebur sai a rubuta suna a kansa da yatsa. Farin gam ɗin da na yi amfani da shi ba mai jure ruwa ba ne, yana laushi idan ya daɗe a jiƙe, saboda haka teburin ba zai zauna kusa da taga ba. Na auna faɗin saman a wurare uku, na rubuta da fensir a ƙarƙashinsa tare da kwanan wata: santimita 61.2, 61.2 da 61.1. Zan sake aunawa a ƙarshen Afrilu idan ruwa ya fara sauka, sannan a tsakiyar Agusta, in kuma duba ƙafar kujerar a ranakun biyu. Gobe zan mayar wa Baba ƙarafansa huɗu, tare da rabin busasshen gam ɗin fatar da ya ce in ajiye masa.